Kyamarar Gidanka: Taka Ce Ko Ta Kamfani?

Kyamarar tsaro ta sauko daga bangon bankuna da gidajen manya ta shigo cikin unguwa. Duk wanda ya bi ta Titin Beirut ko kasuwar Farm Centre a Kano, ko Banex a Abuja, zai gan su jere cikin kwalaye: ga wadda ake murɗawa a gurbin ƙwan fitila, ga mai juya kai tana bin mutum, ga mai farantin sola da gurbin saka layin waya. Ba sai an yi dogon bayani kan abin da ya buɗe kasuwarsu ba. Ana ɗauke babur a ƙofar gida da rana tsaka, ana haura katanga a kwance batirin sola, ga fargabar masu garkuwa da mutane. Wanda ya ce zai sa ido a ƙofarsa bai yi laifi ba.

Sana'ata jan kebul ce da haɗa kwamfutoci a ofisoshi da shaguna da gidaje, kuma a 'yan shekarun nan kyamara ta cinye kaso mai tsoka na aikin da ake kira na. Kusan kowane mai saye tambayarsa ɗaya ce: "Zan iya gani a wayata?" Mai shago kuma amsarsa na kan harshe: "Ko kana Makka za ka gani, Alhaji." Bai yi ƙarya ba, tambayar ce ta tsaya a hanya. Abin da ya kamata a tambaya shi ne: idan na ajiye manhajar kamfanin nan gefe, zan iya buɗe kyamarar a kowace kwamfuta da ke gidana, ko Windows ce, ko Mac, ko Linux? A ganina, duk kyamarar da amsarta "a'a" ce, ba ka gama mallakarta ba, ko da lakadan ka biya. Tamkar ka sayi kwaɗo ne mai shago ya riƙe makullin, ya ce duk sanda za ka buɗe ɗakinka ka aiko masa.

Wani zai ce ina ruwan tsaron gida da irin babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta? To, dubi gida ɗaya kawai. Maigida na riƙe da Android, uwargida iPhone, babban ɗa yana da laftof ta hannu mai Windows, ƙanwarsa da ke jami'a an saya mata MacBook, a ƙarƙashin gado kuma akwai tsohuwar kwamfutar da aka daina amfani da ita. Ranar da aka rataya kyamara, waya ɗaya ake haɗawa da ita, ta maigida. Ranar da wani abu ya faru, sau da yawa maigidan yana tafiya, ko ma wayar tasa ce aka sace. A ranar ce ake gane ko sauran na'urorin gidan suna iya magana da kyamarar ko ba sa iyawa.

Ƙananan kyamarori masu araha, irin waɗanda ke aiki da V380 Pro ko iCSee ko YCC365, an gina su ne a kan hanya ɗaya. Ka sauke manhaja a waya, ka haska lambar QR, ka shigar da kalmar sirrin Wi-Fi, shi ke nan hoto ya fito. Abin da mai saye ba ya gani shi ne, kyamarar tana fita intanet ta sanar da na'urorin kamfanin, a wata ƙasa, cewa ga ta nan. Wayarka ma can take zuwa ta tambayi inda kyamarar take, sannan a haɗa su. Saboda haka kana zaune a falo, kyamara tana zaure, amma sai da izinin wani a nesa kuke gaisawa. Wasu daga cikinsu suna da manhajar Windows, mai Mac kan sha wuya kafin ya samu tasa, mai Linux kuwa galibi ba a ma tuna da shi ba. Kada a ɗauka halin masu araha ne kaɗai. Kyamarorin Ring na kamfanin Amazon masu tsada ne, amma ba sa ba ka hanyar jawo hoton kai tsaye zuwa manhajar da ka ga dama, kuma in kana son a ajiye maka bidiyo a rumbunsu sai ka biya kuɗin wata. Sannan kamfani yana iya janye hannu duk ranar da ya so. A watan Afrilun 2024 Google ya daina tallafa wa kyamarorin Dropcam. Na'urorin lafiyarsu ƙalau, gilashi bai fashe ba, amma suka zama abin ajiya a kwandon shara.

Manyan kyamarori da akwatunan naɗa ma sun taɓa ɗaure mutane, ta wata fuskar. Shekaru da dama, in za ka ga hoton a kwamfuta, sai ka buɗe burauzar Internet Explorer ka liƙa mata wata 'yar manhaja ta fasahar ActiveX, wadda ba ta aiki a ko'ina sai a Windows. Sauran burauzoji suna da tasu hanyar liƙe-liƙen, amma Chrome ya rufe ta a 2015, Firefox ya bi sahu a 2017. Ran 15 ga Yunin 2022 Microsoft ya yi wa Internet Explorer ritaya. Har yau akwai irin waɗannan tsofaffin akwatuna a gidaje da shaguna, akwai ma waɗanda ake sayarwa a matsayin na hannu. Ka shigar da adireshinsu a sabuwar kwamfuta, shafin ya buɗe, amma inda hoto zai fito baƙi ƙirin. Mai Windows yana da 'yar mafita, domin burauzar Edge tana da yanayin da take kwaikwayon Internet Explorer. Mai Mac da mai Linux ba su da wannan. Masu Mac sun ƙara shan wani kaye a 2019, lokacin da macOS Catalina ya daina karɓar tsofaffin manhajoji masu bit 32, manhajojin kyamara da dama suka daina buɗewa dare ɗaya.

Maganin wannan ya girmi yawancin kyamarorin da ke kasuwa. Tun 1998 aka wallafa wata ƙa'ida mai suna RTSP, wadda ta tsara yadda na'ura za ta nemi bidiyo daga wata na'urar. A 2008 kuma kamfanoni uku, Axis na Suwidin da Bosch na Jamus da Sony na Japan, suka kafa ONVIF domin kyamarar wannan kamfani ta riƙa jituwa da akwatin naɗa ko manhajar wancan. Kyamarar da ke jin waɗannan biyun ba ruwanta da irin kwamfutar da ke kiranta.

Gwajin kuma ba ya buƙatar injiniya. Manhajar VLC, wadda mutane ke kallon fim da ita, kyauta ce, kuma tana aiki a Windows da Mac da Linux da Android da iPhone. A cikinta akwai gurbin buɗe bidiyo ta adireshi. Kyamarar Hikvision tana fitowa daga kwali da adireshin 192.168.1.64, ta Dahua kuma 192.168.1.108. In ka rubuta rtsp://192.168.1.64:554/Streaming/Channels/101 a VLC, za ta tambayi suna da kalmar sirri, sai hoton ƙofarka ya bayyana. In ka mayar da 101 ta koma 102, za ka samu ƙaramin hoto mara nauyi, wanda ya fi dacewa da waya ko tsohuwar kwamfuta. A sababbin Hikvision ana kawo ONVIF a kashe, sai ka shiga saiti ka kunna ka buɗe mata asusu na daban. Ko a cikin masu araha akwai masu yarda da wannan: yawancin kyamarorin Tapo masu aiki da wutar soket suna ba da RTSP da ONVIF in ka ƙirƙiri asusun kyamara a cikin manhajarsu. Ni kafin in huda bangon kowa, sai na ajiye kyamarar a kan tebur, na cire intanet daga rautar gidan, na buɗe ta a VLC. Wadda ta nuna hoto ba tare da intanet ba, ita nake ɗorawa a bango.

Daga nan sai batun wace kwamfuta ce za ta zauna tana naɗa, in har ba akwatin naɗa aka saya ba. Windows ce ta fi samun gata wajen kamfanoni. SADP ta Hikvision da ConfigTool ta Dahua, waɗanda ke lalubo kyamara a kan layin gida su ba ta adireshi, a Windows suka fi zama daram; haka iVMS-4200 da SmartPSS. Akwai kuma Blue Iris, ta kuɗi ce, mai ƙarfi, amma Windows kaɗai ta sani. Matsalar Windows a wannan aiki ita ce an yi ta ne domin mutum ya zauna gabanta, ba domin ta kwana tana gadi ba. In ba a hana ta ba, za ta yi barci bayan 'yan mintoci, za ta sabunta kanta ta sake tashi cikin dare, katangar tsaronta kuma tana iya tare manhajar lalube har ka ɗauka kyamarar ce ta lalace. Duk waɗannan ana gyara su a saiti, amma sai wanda ya sani. Sannan tun 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin yau da kullum ga Windows 10, wadda ita ce ke kan yawancin laftof na hannu da muke saye, kuma da yawansu ba su cika sharuɗɗan hawa Windows 11 ba.

Mac ba ta da yawa a gidajenmu, don haka ba zan daɗe a kanta ba. Tana da manhaja mai kyau ta kuɗi, SecuritySpy. Abin da ke rikita mutane shi ne tun daga macOS Sequoia na 2024, kwamfutar tana tambaya ko ka yarda wata manhaja ta ga na'urorin da ke kan layin gidanka. Wanda ya danna "a'a" bisa rashin sani zai yini yana neman kyamarar da ke gabansa. Haka iPhone ma take yi.

Zuciyata ta fi karkata ga Linux, kuma dalilina na ƙasarmu ne. Tsohuwar laftof ɗin nan da Windows 11 ta ƙi, in aka sa mata Ubuntu ko Debian, za ta iya zama akwatin naɗa na shekaru. Ba ta neman kuɗin lasisi, ba ta sake tashi sai ka ce, kuma in batirinta da sauran rai, ɗauke wuta ba ya katse ta nan take. ZoneMinder kyauta ce, ta fi shekara 20 ana amfani da ita. Frigate ta fi ta sabunta, tana iya bambance mutum da mota da kare, a cikin kwamfutar gidanka, ba tare da ta aika hoto waje ba. Duk wanda akuyar maƙwabci ko inuwar darbejiya ta hana shi barci da ƙararrawar ƙarya zai san amfanin wannan. Kyawun waɗannan manhajoji shi ne, da zarar sun zauna a kwamfuta ɗaya, sauran mutanen gida ta burauza kawai za su shiga, ko mece ce a hannunsu. Ba zan ɓoye ba, saita su yana da wuya ga wanda bai saba ba. Frigate musamman sai an rubuta mata saiti da hannu. Wanda yake son tsaka-tsaki ya duba Agent DVR, wadda ke hawa Windows da Mac da Linux duka, ita ma ta burauza ake kallonta. Wanda kuma ba ya son ciwon kai ko kaɗan, ya sayi akwatin naɗa na NVR mai jin ONVIF, ya tabbatar shafinsa yana nuna hoto a Chrome ko Safari ba tare da an liƙa komai ba. Wannan ne nake sa wa yawancin gidaje.

Akwai wani ɗan saiti da ke raba kwamfutoci ba a lura. Kyamara tana matse bidiyo ne ta ɗayan hanyoyi biyu, H.264 ko H.265. Ta biyun ta fi tattalin wuri, shi ya sa masu haɗawa ke son ta. Amma tsofaffin kwamfutoci suna wahala da ita, wasu burauzoji ba sa nuna ta, a Windows kuma wani lokaci sai ka sayi ƙarin manhaja kafin bidiyon ya buɗe a na'urar kallonta. H.264 kuwa babu inda ba ta buɗewa. A gidan da na'urori suka bambanta, nakan bar ƙaramin hoton a kan H.264 ko da babban yana kan H.265.

Lissafin wurin ajiya ma ya kamata kowa ya iya shi, domin a nan ake yawan yi wa mutane alƙawarin da ba zai cika ba. Kyamarar da ke fitar da megabit 2 a daƙiƙa tana cin kusan gigabait 22 a yini. Guda huɗu sun haura gigabait 86. Ke nan faifan ajiya mai terabait 1 ba zai kai kwana 12 ba zai fara goge na baya, sai dai in an saita a naɗa lokacin da aka ga motsi kawai. Yanzu ka ɗauki wannan lissafi ka ɗora a kan data: kyamara ɗaya da ke tura komai zuwa rumbun kamfani dare da rana za ta ci kusan gigabait 650 a wata. Magidanta nawa ne za su iya wannan? Shi ya sa ajiye bidiyo a cikin gida ya fi mana dacewa ko da ba a kawo maganar sirri ba.

Wuta kuwa, kowa ya san halinta. Ɓarawo ya fi son lokacin da unguwa ta yi duhu, daidai lokacin da kyamarar da ke jingine da wutar NEPA ta mutu. Na fi son kyamarori masu karɓar wuta ta cikin kebul ɗin intanet, abin da ake kira PoE, domin kebul ɗaya ne ke kai wuta ya dawo da hoto, har tsawon mita 100, kuma dukkansu wuri ɗaya suke shan wuta. Kyamara huɗu da akwati da rauta da wuya su wuce wat 70, abin da ƙaramar inbata za ta ɗauka. Masu Wi-Fi kuwa yawancinsu zangon 2.4 kaɗai suke ji, kuma bulo da dakin suna cinye musu ƙarfi. Sannan a kula da agogo. Na sha tarar da akwatin da batirin agogonsa ya mutu, duk ɗaukewar wuta sai kwanan wata ya koma shekarun baya. A saita shi ya riƙa ɗaukar lokaci daga intanet, a kan agogon Najeriya da Nijar, awa ɗaya gaba da GMT.

Sai batun gani daga nesa, wanda shi ne ya sa aka sayi kyamarar tun farko. Tsohuwar dabara ita ce a buɗe wata ƙofa a rauta domin a riƙa shigowa daga waje. A yawancin layukan waya da muke sa wa rauta wannan ba ya ma aiki, saboda kamfanonin sadarwa suna haɗa masu amfani da yawa a kan adireshi ɗaya. Inda yake aiki kuma haɗari ne, domin ƙofar da ka buɗe wa kanka duniya ka buɗe wa. Hanyar da na fi natsuwa da ita ita ce VPN na gida. Tailscale, wadda aka gina a kan WireGuard, tana hawa Windows da Mac da Linux da Android da iPhone, tana aiki ko a bayan adireshin haɗaka, tana sa wayarka ta zama kamar tana cikin gida ko kana Legas. Ita ma kamfani ce, amma bidiyon a kulle yake tafiya tsakanin na'urorinka, kuma ranar da ka bar ta kyamarorinka ba su mutu ba, hanya kawai za ka sauya. A rauta kuma a kashe UPnP, domin da shi wasu kyamarori ke buɗe wa kansu ƙofa ba tare da sun tambayi kowa ba.

Ba don tsoratarwa nake nanata wannan ba. A 2014 wani shafi mai suna Insecam ya tara hotunan kai tsaye na kyamarori sama da 73,000 daga ƙasashe daban-daban, ba tare da ya fasa komai ba: masu su ne ba su sauya kalmar sirrin da aka kawo su da ita ba. A Oktoban 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai, da jerin sunaye da kalmomin sirri kimanin 60 irin su admin da 12345, ta mamaye dubban kyamarori da akwatunan naɗa, aka yi amfani da su aka kai wa kamfanin Dyn hari, Twitter da Netflix da wasu manyan shafuka suka tsaya a sassan Amurka. Da yawa daga cikin na'urorin da aka mamaye kayan cikinsu na kamfanin Xiongmai ne, mai manhajar XMEye da ake amfani da ita a nan. A 2021 an gano wata ɓaraka a kyamarorin Hikvision da dama wadda ke ba ɗan kutse iko da su ba tare da kalmar sirri ba. Kamfanin ya fitar da gyara, amma gyara sai an sauke an saka yake aiki. Birtaniya ta kai ga kafa doka, wadda ta fara aiki a Afrilun 2024, da ta hana sayar da irin waɗannan na'urori da kalmar sirri ɗaya ga kowa.

Rumbun kamfani ma ba tudun mun tsira ba ne. A Mayun 2023 hukumar kare masu saye ta Amurka, FTC, ta zargi Ring da sakacin da ya ba wani ma'aikacinsa damar kallon dubban bidiyoyin mata a ɗakunan kwana da banɗakuna. Kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 5.8. A Fabrairun 2024 kimanin masu amfani da kyamarorin Wyze 13,000 suka buɗe manhajarsu suka ga hotunan gidajen wasu. Wanda ya fi tsaya mini a rai, saboda sana'ata ce, shi ne na wani ma'aikacin kamfanin ADT a jihar Texas. Idan ya je haɗa wa mutane kyamara sai ya ƙara adireshin imel ɗinsa a asusunsu. Ya leƙa gidaje kusan 200 sama da sau 9,600 kafin asirinsa ya tonu, a 2021 aka yanke masa ɗaurin wata 52.

Yanzu a kawo wannan cikin gidan Bahaushe. Gininmu gaba ɗaya a kan sutura aka tsara shi. Baƙo yana tsayawa a zaure, ba ya wucewa sai an yi masa iso. Tsakar gida ta mata ce da yara, inda mace ke ajiye mayafi ta yi wanki da girki da kitso. Suratun Nur ta hana shiga gidan wani sai da neman izini da sallama, ta kuma ware lokuta uku, kafin sallar asuba da lokacin ƙailula da bayan isha'i, da ko yaran gida sai sun nemi izini. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin Najeriya ya kare sirrin mutum da na gidansa. Mutumin da ba zai bar amininsa ya wuce zaure ba, ta yaya zai kafa kyamara tana kallon tsakar gida, da kalmar sirrin da yaron shago ya zaɓa, hoton yana bi ta na'urorin da bai san ƙasar da suke ba?

Idan aka ce in sa kyamara a tsakar gida ko falon mata, nakan ce: "Alhaji, an shawarci Hajiya?" Sau da yawa shiru ke biyo baya. Ni a wajena ƙofar gida, da layin da ke gabanta, da garejin mota, da bayan katanga, da inda batiran sola suke, sun wadatar. Ɓarawo ta nan zai bi. Kyamarar da aka juya ciki ba ɓarawo take gadi ba, iyali take gadi, kuma gidan da aka kai ga haka matsalarsa ba ta na'ura ba ce. Mai aiki da mai gadi da almajirin da ke shigowa aike su ma suna da haƙƙin a gaya musu akwai kyamara, musamman da yake da yawa daga cikinsu suna ɗaukar murya. Haka maƙwabci. Kyamarar da aka ɗora a saman bene tana leƙa tsakar gidan wani zalunci ce, ko da ba da niyya aka yi ba. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗaga wa abin da mutum ya yi don amfanin gidansa ƙafa, amma da sharaɗin bai keta sirrin wani ba. Kusan duk kyamarar kirki tana da saitin da ake rufe wani ɓangare na hoto da baƙin tabo. Aikin minti biyu ne, a rufe tagar maƙwabci.

Na san abin da za a ce: duk wannan na masu hali ne da masu ilimin kwamfuta, talaka kuɗin 'yar ƙaramar kyamara ɗaya yake da shi. Haka ne, kuma ba na raina ta. Mai shagon da ya rataya guda ɗaya tana kallon kanta, da katin memori a ciki, ya fi wanda ba shi da komai. Abin da nake roƙonsa bai wuce ƙarfinsa ba: shi da kansa ya buɗe asusun da lambar wayarsa, ya sa kalmar sirri mai tsawo wadda ba sunan ɗansa ba ce ba kuma shekarar haihuwarsa ba, kada ya juya ta inda iyali suke, kuma in kyamara biyu suna gabansa farashinsu ya yi kusa, ya ɗauki wadda aka rubuta ONVIF a kwalinta ya ce a gwada masa a VLC kafin ya biya, domin ba duk abin da aka rubuta a kwali ne gaskiya ba.

Akwai kuma ranar da ake buƙatar bidiyon, kuma a nan ne bambancin kwamfutoci ke sake tasowa. Akwatunan Dahua sukan fitar da fayil mai ƙarewa da .dav, wanda ba kowace kwamfuta ke buɗewa ba. In akwai zaɓi a fitar da shi a MP4. Filashin da aka tsara da FAT32 ba ya karɓar fayil ɗin da ya haura gigabait 4. Wanda aka tsara da NTFS, Mac za ta karanta amma ba za ta rubuta a kai ba. Wanda aka tsara a Mac da APFS, Windows ba za ta gane shi ba. exFAT ne kwamfutocin uku ke karɓa, sai dai a gwada ko akwatin naɗan ma yana karɓarsa. Ba ka san wace kwamfuta za ka tarar a ofishin 'yan sanda ko wajen lauya ba. A kotu kuma, sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana neman a nuna cewa na'urar da ta fitar da bidiyon tana aiki daidai a lokacin, a haɗa da takardar shaidar hakan. Bidiyon da agogonsa ke nuna wata shekara daban ya buɗe wa lauyan wanda ake zargi hanya. Don haka a gwada fitar da bidiyo tun ranar da aka haɗa, a buɗe shi a kwamfuta biyu mabambanta, maigida da wani babba a gidan suna kallo har su iya da kansu.

Ga 'yan'uwana masu wannan sana'a, aikinmu bai ƙare ba don hoto ya fito a wayar Alhaji. Kafin ka karɓi cikon kuɗinka, ka rubuta masa a takarda adireshin kowace kyamara, da adireshinta na RTSP, da sunan asusun shugaba. Ka miƙa masa kwamfutar ya sauya kalmar sirri da hannunsa, kai ka kau da kai. Ka buɗe jerin masu izinin shiga a gabansa ya ga babu sunanka, ka goge gidansa daga manhajar wayarka yana gani. In daga baya ya kira ka gyara, ya buɗe maka asusu na wucin gadi, ya rufe bayan ka tafi. Shi ma mai gidan ya nemi a yi masa haka ba tare da jin nauyi ba, ko da mai haɗawar ɗan'uwansa ne, kuma ya ajiye takardar inda uwargida ta sani.